Jaridar da Ba a Naɗe Tsire da Ita

Tun da na shigo gidan Malam, wato mijina, ban taɓa samun kusurwa ɗaya da zan ce tawa ce ni kaɗai ba. Ƙarƙashin gado jarida, saman kwaba jarida, ɗakin da muke ajiye hatsi rabinsa jarida, har bayan randa sai da aka jera bulo aka ɗora wasu ɗaurin a kai don kada lema ta taɓa su. Ba jaridun mutane ba ne, tamu ce, wadda ƙungiyar malaman garinmu na Birnin Gwari take fitarwa, kuma Malam ne editanta tun ranar da aka fara ta. Duk abin da aka buga ba a saya ba, gidanmu yake dawowa. Kwantai ke nan, irin na mai tuwon sayarwa, sai dai ita tana iya ɗumama nata da safe ta ba yara.

Wanda bai san harkar ba zai ce, to ku sayar da shi mana. Ai nan matsalar take. Manyan jaridun da ake kawowa daga Kaduna, kwantansu ba asara ba ne gaba ɗaya, a sikeli ake auna shi a sayar wa masu tsire da masu ƙosai da masu gyaɗa. Tamu kuwa a goshinta akwai aya da haruffan Larabci, shafinta na baya duk ajami ne, cikinta ma ba ka yin nisa da karatu ba ka ci karo da sunan Allah ba. Wa zai naɗe tsire da wannan, a ci, a goge hannu, a jefa a kwata? Babu. Ni kaina ina suyar ƙosai da safe kafin in tafi firamaren da nake koyarwa, kuma da kuɗina nake sayen tsofaffin jaridun Turanci na naɗi, alhali takarda ta hana ni wurin ajiye kwano a gidana. Wallahi abin yana ci mini rai.

Na sha ce masa, "Malam, ai ku da kanku kuka ce an halatta a ƙone a binne tokar a wuri mai tsabta."

Sai ya ce, "Haka ne, Malama. Amma wata rana wani zai zo neman tsohuwar fitowa."

A iya zamana dai, waɗanda suka zo neman ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Gara da ɓeraye ne suka fi kowa zuwa, ni kuma nake faɗa da su.

Asalinta ba ma jarida ba ce. Takarda ce guda, gaba da baya, ana buga ta da tafireta a kan sitansil, a juya ta da hannu a injin makarantar da Malam yake koyarwa, a liƙa a bangon masallacin Juma'a. Lokutan salla ne a ciki, da amsar tambayoyin da ake yi wa malamai kan gado da zakkar hatsi, da cigiyar dabbobin da suka ɓata. Da aka ga mutane suna ɓamɓare ta daga bango suna tafiya da ita gida, sai aka ce to a riƙa buga da yawa ana sayarwa. A hankali ta ƙaru, aka sa farashin hatsi na kasuwannin ƙauye, aka sa labarin rasuwa da na haihuwa, aka koma kai ta wajen masu ɗab'i a Kaduna. Ranar da ta fara zuwa da hoto a cikinta, Malam bai ci abincin rana ba, yana tsakar gida yana juya ta kamar sabon jariri.

Kuɗin sayarwa bai taɓa riƙe ta ba, ko sau ɗaya. Hatsi ne yake riƙe ta. Idan kaka ta yi, 'yan ƙungiya kowa zai kawo abin da ya samu, wani buhun masara, wani dawa, wani 'yan kwanonin waken suya. A tara a shagon ma'ajin ƙungiya, wani Alhaji mai sayar da hatsi, a riƙa sayarwa kaɗan-kaɗan ana biyan masu ɗab'i. Shi ya sa jaridarmu take ƙiba bayan kaka, ta rame da damina. Da ka ɗaga ta ka ji nauyinta, ka san halin da rumbunan gari suke ciki. Talla kuwa da za ta taimaka, Malam ya kore ta. Mai maganin gargajiya ya zo da alkawarin warkar da kowace cuta, Malam ya ce ba zai buga ƙarya ba. Ɗan siyasa ya aiko da hotonsa da ambulan mai kauri, Malam ya mayar. Na ce masa, "To da iska za ku buga ta?" Ya ce in kawo masa ruwan alwala.

Ni na shiga aikin ne ba da niyya ba. Idon Malam ya fara rauni, aka sayi tsohuwar kwamfuta, ya zamana ni nake bugawa, ni nake gyara kurakurai, shi yana tsaye a kaina yana cewa na ci masa waƙafi.

Mutum na uku a aikin shi ne Baba mai babur. Manomi ne daga wajen Gayam, dattijo siriri mai dariya da ƙarfi, yana jin yaren Gbagyi kamar yadda yake jin Hausa. Bai iya boko ba, ajami yake karantawa. Duk fitowa zai zo ya ɗaure jaridu a bayan babur ɗinsa da igiyar roba, ya bi kasuwanni, Gayam, Tsohon Birnin Gwari, da ƙananan ƙauyukan da mota ba ta shiga. Ba miƙawa kawai yake yi ba. Zama yake yi a gindin bishiya ya karanta shafin ajami da ƙarfi, ya juya wa waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba. Har manoma Kiristoci suna saye, saboda farashin hatsi da cigiyar shanu. Bai taɓa karɓar lada ba sai kuɗin mai, shi ma wani lokaci sai an bi shi da shi. In ya shigo gidanmu yakan ce, "Malama, a ba ma'aikacin jarida ƙosai, kafin edita ya cinye." In ce masa, "Baba, ma'aikacin da ba ya biya?" Ya ce a rubuta a shafin cigiya.

Sai abubuwa suka fara juyawa. Da farko waya ce. Yaro yana kwance a ɗaki zai ji wa'azin malamin da yake so, ya ga lokacin salla, ya ji farashin masara, me zai yi da takarda? Wannan mun iya jurewa, don tsofaffi da mutanen ƙauye ba su bar mu ba. Abin da ya karya mu daji ne. Dajin da muka tashi muna shiga itace da tsintar kaɗanya ya zama wurin da ba a ambata da ƙarfi. Gonakin nesa suka gagari masu su. Wanda yake kawo buhu ya koma kawo kwano, wanda yake kawo kwano ya koma kawo haƙuri. Hanyar Kaduna kuma, direbobi sai sun taru sun ji labari kafin su kama ta, wani lokaci a fasa tafiyar gaba ɗaya. Jarida za ta gama buguwa ta zauna a shagon masu ɗab'i tana jiran mota, in ta iso watan da aka sa lokutan sallarsa ya kusa ƙarewa, saniyar da ake cigiya kuwa an daɗe da fid da rai.

A irin waɗannan kwanakin Malam ba ya iya zama. Ya je tasha ya dawo, ya zauna, ya tashi, ya kira direba, waya ba ta shiga, ya sake sa takalmi. Ni ma ya hana ni sukuni. Ina tsaka da tuƙa tuwo zai leƙo ya ce ko na ji ƙarar mota a ƙofar gida. In ce, "Haba Malam, motar da za ta zo ai ba a ɓoye za ta zo ba!" Ya fita, ba a jima ba ya dawo ya sake tambaya. Barci ma rabi-rabi muke yi.

Wata rana Baba ya shigo da ƙafa, ba babur, rigarsa duk ƙaya. An tare shi a hanya an karɓe. Bai yi dogon bayani ba, mu ma ba mu tambaya ba, mun gode wa Allah da aka bar shi da ransa. Muka ɗauka shi ke nan ya ajiye aikin. Ina! Fitowa ta gaba sai ga shi da tsohon keke, ya ce ƙauyukan kusa dai ba za su rasa ba. Amma abin da keke yake ɗauka ba kamar babur ba, kuma inda yake kaiwa ba nisa. Kwantai ya ninka. Na fara jera shi a ɗakin girki, ina tsoron wuta, ina tsoron zunubi, ina kuma jin haushin kowa.

Da damina ta yi nisa, shagon Alhaji ma'aji ya wayi gari ba ko ƙwayar hatsin ƙungiya. Aka kira taro a zaurenmu bayan la'asar. Ni ina daga ciki, bakin ƙofa, ina tsince shinkafa, kuma ba zan ɓoye ba, kunnena yana wajensu.

Alhaji ba mugun mutum ba ne, kada a fahimce ni ba daidai ba. Ya sha cike giɓi daga aljihunsa ba tare da ya faɗa wa kowa ba. Amma shi ma kasuwarsa ta taɓu. Ya ce, "Malamai, ni zan ci gaba da biyan kuɗin bugu har kaka ta zo, amma da sharaɗi. Kwantai ya riƙa dawo da wani abu. Na yi magana da masu tsiren tasha, za su saya a kan sikeli. Ko kuɗin mota da rabin na takarda ya fitar, an rage. Sai dai a cire aya, a cire ajami. In ba haka ba, wallahi ba zan iya ba, sai dai a rufe."

Can wani tsohon malami ya ce, "Alhaji, ko da boko aka rubuta sunan Allah, ai sunansa ne."

Alhaji ya ce, "To a cire shi ma."

Kai! Nan fa aka kaure. Wani ya ce a riƙa rubuta Ubangiji, aka ce shi ma suna ne. Wani ya ce Mahalicci, aka ce duk ɗaya. Wani ya tashi zai tafi, aka riƙe masa riga. Aka yi ta jayayya har aka kusa kiran magariba, daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa a gwada: nasiha kan kyawawan halaye za ta zauna, lokutan salla za su zauna tun da lambobi ne, farashi da cigiya za su zauna, amma babu aya, babu ajami, babu sunan Allah ko a wane harafi. Sai aka juyo kan Malam. Da aka tambaye shi, ya ce zai yi tunani.

Da ya shigo, ban bari ya zauna ba. Na ce, "Malam, tunanin me? Ko dai ta fito ba aya, ko kada ta fito sam. Ayar ai tana cikin Alƙur'ani, ba ta ɓata ba. Mutanen ƙauye kuma da babu gara su samu ko farashin masara ne." Har yau ina ganin gaskiya na faɗa a ranar, da abin da na sani a ranar.

Kwana ya yi yana juyi. Da safe ya je shagon Alhaji ya ce ya yarda.

Aikin cirewa a kaina ya faɗo, tun da ni ke bugawa. Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Tabɗi! Ashe Bahaushe ba ya iya faɗin kuɗin barkono bai ambaci Allah ba. Mai cigiyar tunkiya ya rufe da roƙon Allah ya sa a dace, na cire. Wakilinmu na kasuwa ya rubuta cewa masara ta ɗan sauko, ya haɗa da hamdala, na cire. Labarin haihuwa, an ce Allah ya raya, na cire, ya zama kamar sanarwar asibiti. Sunayen mutane ma, nawa ne suke ɗauke da sunan Allah a cikinsu? Sai na koma kiran mutum da sana'arsa ko unguwarsu. In gama shafi, in sake dubawa, in tarar da wani ya ɓuya a tsakiyar layi. Har a aji ina koyar da yara lissafi hankalina yana kan ko na bar wani. Shafukan suka fito fes, ba abin da za a ce ba daidai ba, amma in ka karanta sai ka ji kamar miyar da aka manta gishiri.

Muna cikin haka, saura kaɗan a aika da aikin Kaduna, aka aiko cewa Baba mai babur ya rasu. Ciwon ƙirji ne, ruwan sama ya sha dukansa a kan keken nan, ya kwanta kwana kaɗan. Malam ya tafi jana'iza Gayam duk da an ce masa hanyar ba daɗi. Ni ina gida, in shiga ɗaki in fito, in leƙa ƙofa, na ƙona ƙosai kasko guda ban sani ba. Sai da na ji sallamarsa na samu na zauna.

Washegari ya rubuta ta'aziyya ya miƙo mini in buga. Rubutu ne mai kyau, ban taɓa ganin ya yi irinsa ba. Ya faɗi babur, ya faɗi gindin bishiya, ya faɗi keke, ya faɗi yadda mutumin bai taɓa karɓar lada ba. Ya ce ya bar mata da 'ya'ya da jikoki. Nan rubutun ya tsaya.

Na juya takardar, ba komai a baya. Na ce, "Malam, ina ƙarshen?"

Ya ce, "Ƙarshen ke nan."

"Ba addu'a? Baba fa!"

"Na yi masa a bakin kabari. Ina yi masa a kowace salla."

"To a bar ta'aziyyar mana sai wata fitowar."

"Wata fitowar ma haka za ta kasance. Ko so kike mutumin da ya yi mata hidima har ya mutu, jaridar ta yi shiru a kansa?"

Na ce layi ɗaya ne, wa zai lura? Ya ce shi ya lura, kuma ya riga ya ba Alhaji alkawari a gaban mutane, layi ɗaya da shafi guda duk ɗaya ne a wajen mai tsire. Na ɗaga murya, ya ɗaga. Ya ce, "Ba ke kika ce ko ta fito haka ko kada ta fito ba?" Na ce, "Ni na ce, amma ban ce da mamaci ba!" Ya fita ya bar ni da kwamfuta. Na buga yadda ya rubuta, ina bugawa ina share hawaye, ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, don na san tsoron mutuwar jaridar ne ya kai shi nan.

Wannan karon mota ba ta yi jinkiri sosai ba. Jarida ta iso, siririya, ba aya a goshi, bayanta tallar shagon Alhaji da farashin kasuwa. A gari an ɗan saya. Ƙauye kuwa ba mai kaiwa. Mafi yawanta ta dawo zaurenmu a ɗaure, tana jiran ranar da Alhaji ya ce zai zo da mai tsire da sikeli.

Matar Baba, Inna muke kiranta, ba a bar ta ta yi takaba a ƙauye ba saboda halin da ake ciki. Babban ɗanta ya ɗauko ta zuwa gidansa a unguwar Magajin Gari, nan cikin gari. Muka shirya zuwa gaishe ta, ni da Malam, da hantsi. Ni na ɗauki jarida guda na sa a jaka, a ganina za ta ji daɗin ganin hoton mijinta. Malam ya zauna a tabarma a ƙofar ɗakin tare da ɗan, ya yi gaisuwa daga bayan labule. Ni na shiga.

Tana zaune a kan buzu, ta rame, carbi a hannu. Bayan mun gaisa na miƙa mata. Ta daɗe tana kallon hoton, wanda aka ɗauka yana riƙe da babur. Ta ce, "Kin gan shi, ko a hoto bakinsa ba ya rufuwa." Sai ta miƙo mini, ta ce, "Karanta mini, Malama. A da shi yake karanta mini."

Na karanta. Da na zo wajen keke ta yi 'yar dariya, ta ce ta hana shi bai ji ba. Da na zo wajen mata da 'ya'ya da jikoki, sai na ga ta ajiye carbi ta ɗaga tafin hannuwanta biyu. Ta saba, ta san abin da ke biyo bayan wannan layin a kowace ta'aziyya da mijinta ya taɓa karanta mata. Tana jiran ta ce amin.

Na kalli takardar, na kalli hannuwan. Sai na yi addu'ar da bakina, na ce Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Ta ce amin, ta shafa. Na ji sanyi, na ce a raina an wuce wurin.

Sai ta jawo jaridar ta ce, "Nuna mini wurin, in sa yatsa. Zan ajiye wa jikokinsa."

Inna ba ta karatu, amma ta san siffar sunan Allah da Larabci, kamar kowace tsohuwa da ta yi allo tana yarinya. Ta juya bayan jaridar tana neman shafin ajami, ta tarar da hoton buhuna. Ta juyo gaba, ba aya. Ta dube ni.

Ƙarya ta zo bakina, in nuna mata kowane layi in ce ga shi. Amma matar tana takaba, kuma yatsanta za ta ɗora. Na ce, "Inna, ba a rubuta ba."

"Mantuwa aka yi?"

"A'a."

Ba ta yi fushi ba, da ma fushin ta yi. A hankali ta ce, "Ko ya yi muku wani laifi ne, 'yar nan? In akwai abin da ya riƙe na jarida, ku faɗa wa yaron nan ya biya, kada a bar shi da nauyi."

Ban san abin da na ce mata ba. Na dai ji motsi a waje, na ji ɗan yana cewa, "Malam, ba ka sha ruwan ba." Kafin in fito, Malam ya kai bakin titi. Ban taɓa ganinsa ya bar gidan mutane ba sallama ba sai ranar.

Da na iso gida na tarar ya kwance ɗaurin farko a tsakar gida. Ya ɗauko ƙoƙon tawadarsa da alƙalamin kara, waɗanda yake rubutun allo da su. Ya buɗe jarida a kan gwiwarsa, a ƙasan hoton Baba, inda aka bar ɗan fili, ya rubuta da ajami, manya-manya: Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa. Ya ajiye ta gefe, ya ɗauki wata.

Na tsaya da mayafina a kafaɗa. Na ce, "Malam, ta Inna kaɗai za ka rubuta wa ko?"

Ya ci gaba da rubutu.

Na ce, "Ka san duk wadda ka rubuta wa ba za ta hau sikeli ba. Ka san abin da Alhaji ya ce."

Ya ce, "Miƙo mini ta gaba."

Na so in yi masa masifa, wallahi na so. Shekara da shekaru mutumin nan yana hana kansa barci, yana hana ni, don kada takardar nan ta mutu, ga shi yanzu da hannunsa yake kashe ta. Amma na tuna hannuwan nan biyu a ɗage. Na cire mayafi na rataye, na durƙusa na miƙa masa. Tawadar allo ba ta bushewa da wuri a kan takardar jarida, sai na riƙa shimfiɗa su a tsakar gida ina danne kowace da dutse, ina kallon sama kada hadari ya taso. Muka yi har la'asar, muka ci gaba washegari. Idonsa yana ruwa, na ce ya bari in karɓa, ya ce rubutun ajamina kamar tafiyar kaza. Na ce to ya mutu a kai.

Ana cikin ɗaurin ƙarshe Alhaji ya yi sallama, mai tsire yana bayansa da sikeli a kafaɗa. Malam ya ce su shigo, na ja mayafi na koma bakin ɗakin girki. Alhaji ya tsaya, don ba wurin taka ƙafa, tsakar gida duk jarida ce da duwatsu. Ya sunkuya ya ɗauki guda, ya karanta, leɓensa yana motsi. Ya ce, "Amin." Ya mayar da ita ya ɗora mata dutsenta. Ya juya ya ba mai tsire haƙuri, ya ce ya koma, babu kaya.

Sannan ya ce, "Malam, ka san ba zan iya ba kuma."

Malam ya ce, "Na sani, Alhaji. Allah ya saka maka da alheri, ka yi iya yinka."

Alhaji ya ɗan tsaya kamar zai ƙara magana, sai ya ce a ba shi guda ya kai gida. Aka ba shi. Jaridar ba ta sake fitowa ba. Da kaka ta zo an yi maganar tashinta, aka duba abin da aka tara, aka ga bai kai ba, aka bar maganar.

A yammacin ranar da Alhaji ya zo, Malam ya zaɓi wadda rubutunta ya fi fita, ya ce in kai wa Inna, shi ba zai iya haɗa ido da ɗanta ba tukuna. Na same ta inda na bar ta. Na buɗe mata shafin. Ta kai fuskarta kusa da takardar, ta bi layin da yatsa daga dama har ta tsaya a kan sunan da ta sani. Ta ce, "Yawwa, ga shi nan. Amin." Ta ninke ta a hankali ta sa ƙarƙashin buzu, sannan ta tambaye ni ko fitowa ta gaba an samu wanda zai riƙa kaiwa Gayam.